RUWAN SHA DA MAGUDANAI: ME YA SA SAI DA BABBAN INJINIYA?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



GABATARWA

Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ga dacewar a ba mu dama mu tofa albarkacin bakinmu a kan batun da ya fi kowane damun mutanen garinmu, wato ruwa. Da rani muna kuka da rashinsa, da damina kuma muna kuka da yawansa. Tsakanin watan Maris da Mayu matanmu da 'ya'yanmu suna kwana a layin famfo, yara suna zuwa makaranta bayan an gama darasi na biyu. Da watan Agusta ya kama, sai ruwan da muka yi ta roƙo ya shigo mana har ɗaka, ya kayar da katanga, ya cika masai ya tumbatsa.

Mun samu labarin cewa ƙungiya ta ƙudiri aniyar sanya abin da ta tara a aikin ruwa da magudanai. Wannan niyya ce mai kyau, kuma muna yaba wa duk wanda ya sa hannu a aljihunsa. To amma kuɗin jama'a amana ne, kuma ba kullum ake samun irinsa ba. Idan aka binne shi a ƙasa ba tare da ilimi ba, zai yi wuya a sake shawo kan mutane su bayar. Saboda haka muka zaɓi mu yi magana a kan mutumin da ba a cika tunawa da shi ba sai aiki ya lalace, wato babban injiniyan gine-gine mai kula da ayyukan ruwa. Mu malaman makaranta ne, allo da alli muka sani. Sai dai shekarun da muka yi muna koyar da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya sun ishe mu gane cewa ruwa yana da ƙa'idojin da ba ya saɓa musu don ganin idon kowa.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

A shekarar 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a wata unguwa a birnin Landan ta ƙasar Ingila, ta kashe mutum fiye da 600. A wancan zamani yawancin masana sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana ƙidaya mamatan, sai ya ga sun taru a kewayen famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya. Ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano cewa wani ramin masai da ke daf da rijiyar ne yake tsiyaya a cikinta.

Likita ya gano cuta, amma maganinta na dindindin a hannun injiniya ya fito. A shekarar 1858 warin kogin da ya ratsa birnin ya kai har 'yan majalisa suka kasa zama a zaurensu, sai aka ba babban injiniyan birnin, Joseph Bazalgette, kuɗi da izinin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa masu tsawon fiye da kilomita 130, waɗanda za su tare ƙazantar kafin ta faɗa kogi. Ya yi su da faɗin da ya wuce bukatar mutanen zamaninsa, shi ya sa bayan shekara fiye da 150 ana cin moriyarsu.

Mu dawo gida. Birnin Kano ya samu ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da En'e ta gina gidan ruwa a bakin kogin Challawa. Daga can ake turo ruwa zuwa ma'ajiyar da ke kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin gari da nauyin kansa. Zaɓen wannan tudu shi kansa darasi ne, domin duk tsayin mita 10 da aka ɗaga ruwa yana ƙara masa ƙarfin turi gwargwado sananne, wanda injiniya ke lissafawa kafin ya sayi bututu ko ɗaya.

Zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, aka shiga gina madatsun ruwa gadan-gadan. Aka yi Bagauda, aka kammala Tiga a 1974, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kusan mita mai kusurwa biliyan 2. Madatsar Challawa ta ƙasar Ƙaraye ta biyo baya a 1992. Zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar matatar Tamburawa, wadda aka tsara ta riƙa tace lita miliyan 150 a rana. Duk da wannan, ku da ke zaune a Kano kun fi mu sanin cewa unguwanni da yawa da 'yan garuwa suka dogara. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: jama'a sun ninka, bututai sun tsufa suna yoyo, wutar da za ta juya injina ba ta tsayawa, kuɗin gyara kuma ba ya isa. Idan birni mai madatsu da matatu yana wannan fama, ƙaramin gari irin namu ya kamata ya yi taka-tsantsan ninki biyu.

WANE NE BABBAN INJINIYA?

A wurinmu duk wanda ya riƙe sifana ko ya sa hular kwano injiniya ne. A doka kuwa ba haka abin yake ba. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya. Mutum yakan yi shekara 5 a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano, sannan ya yi wasu shekaru yana aiki a ƙarƙashin na gaba da shi kafin a ba shi hatimi. Babban injiniya shi ne wanda bayan wannan ya daɗe yana aiki, ya tsara ayyuka, ya ga waɗanda suka tsaya da waɗanda suka rushe, har ya kai matsayin da yake duba lissafin na ƙasa da shi ya sa hannu. Sa hannun nan shi ne nauyin, domin idan aiki ya ci rai, shi doka za ta fara tambaya.

Magini yana da nasa, mai haɗa famfo yana da nasa, mai haƙa rijiyar burtsatse shi ma haka, kuma ba mu raina kowa ba. Amma kowannensu yanki guda yake gani. Babban injiniya shi ke kallon garin baki ɗaya, daga inda ruwa zai fito zuwa inda zai ƙare bayan an yi amfani da shi.

AIKINSA A KAN RUWAN SHA

Tambayarsa ta farko ita ce: mutum nawa za su sha? Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa lita 20 a rana ga kowane mutum ita ce mafi ƙarancin abin da za a rayu da shi, lita 50 kuma ita ke isa sha da girki da wanka da wanki daidai gwargwado. Mu ɗauki misali irin na aji. Gari mai mutum 20,000, idan kowa zai samu lita 50, yana bukatar lita miliyan 1 a kowace rana, wato jarka 40,000 mai cin lita 25. Wannan ban da shanu da awaki, ban da makarantu da asibiti da kasuwa. Idan kuma jama'a suna ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, cikin shekara 24 za su ninka. Saboda haka injiniya ba ya tsara aiki don mutanen da ke wurin ranar buɗewa kaɗai. Yakan hango shekara 20 ko 25 masu zuwa.

Tambaya ta biyu: ina ruwan yake? Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Haka ne, amma ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Yammacin ƙasar Kano a kan fa yake zaune, ruwan da ke ƙarƙashinsa a cikin tsagogin dutse da ruɓaɓɓen dutse yake maƙale, don haka ana iya haƙa rijiya a nan a samu, a matsa taku 100 a fito da ƙura. Gabashin Jigawa kuwa, wajen Haɗeja zuwa Barno, shimfiɗar yashi da laka ce mai riƙe ruwa da yawa. Shi ya sa ake fara auna ƙasa da na'ura kafin a kawo motar haƙa. Bayan an haƙa, sai a yi ta jan ruwan ba tsayawa, yini da kwana ko fiye, ana auna yadda yake sauka da yadda yake dawowa. Da wannan ake sanin girman injin da za a zura. Injin da ya fi ƙarfin rijiya yakan zuƙe ta, ya jawo yashi, ya ƙone kansa. Da yawa daga cikin tankunan da muke gani a tsaye ba ruwa a garuruwanmu, da allon sunan wanda ya bayar a jikinsu, wannan mataki aka tsallake.

Tambaya ta uku: ruwan yana shawuwa? Ruwa garau ba lallai ne ya zama mai tsabta ba. Dole a kai shi ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin cuta da gishiri da sauran sinadarai. Idan na kogi ko madatsa ne, sai an zuba masa alif ya tattara laka ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, sannan a sa kulorin daidai awo, yadda ɗan kaɗan zai saura a cikinsa har ya isa famfon ƙarshe a bayan gari.

Tambaya ta huɗu: yaya zai isa ga mutane? A nan ake lissafin tsayin tanki da kaurin bututu. Bututu siriri ya fi araha, amma yana cinye ƙarfin ruwa a hanya, sai na kusa da tanki su samu, na nesa su ji iska. Akwai kuma haɗarin da ba a cika lura da shi ba. Idan aka ɗauke ruwa bututu ya zama fanko, yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wuraren da ya tsage. To ina ga bututun da aka bi da shi ta cikin kwata? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan kafa taifot da amai da gudawa suke shiga gidajen da ke ganin ruwan famfo suke sha.

AIKINSA A KAN MAGUDANAI

Ga wani lissafin kuma. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 lita ɗaya ne cif. Idan aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, hekta guda za ta karɓi lita 500,000, wato duro 2,500. A da, yawancin wannan ruwa ƙasa ke shanyewa, domin tsakar gida turɓaya ce, bayan gari gona ce. Yau mun rufe gidaje da kwano, mun dafe tsakar gida da siminti, mun shimfiɗa kwalta. Ruwan da ƙasa ta daina sha dole ya bi titi, kuma cikin mintuna kaɗan yake taruwa.

Kakanninmu ba su yi karatun injiniya ba, amma sun bar mana kududdufai. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne suka zama matattarar ruwan unguwa, su riƙe shi har ya tsane a hankali. A birnin Kano an cike da dama daga cikinsu an yi gini, mu ma a nan mun bi sahu. Duk kududdufin da aka cike, ruwansa bai mutu ba, gidan wani zai koma.

Aikin injiniya a nan yana farawa da safiyo, a auna tudu da gangaren garin a fitar da taswira. Daga nan ya duba bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa, ya ƙaddara irin ruwan da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara 10 ko 25, ya yanka faɗin lambatu da bakin kwalbati a kan haka. Gangaren ma da awonsa. Idan ya yi kwance da yawa, yashi ya zauna ya toshe shi, ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa. Idan ya yi tsaye da yawa, ruwa ya yi gudu ya ci gindin ginin, ya buɗe zaizayar ƙasa a inda ya faɗa.

Babbar ƙa'idar ita ce, magudana daga ƙarshenta ake fara ta, wato daga inda ruwan zai fita ya bar gari, sannan a taho sama. Mu kuwa mun saba da akasin haka. Kowane mai hali yakan gina lambatu mai kyau a ƙofar gidansa, ya tsaya daidai iyakar katangarsa, ruwan ya ƙara gudu ya afka wa maƙwabcin da ba shi da hali. Unguwar tudu ta yi aikin gayya ta huta, unguwar gangare ta kwana tsaye. Rigingimu nawa irin wannan aka kai gaban mai girma Hakimi? Taswira guda ta gari baki ɗaya ita za ta raba wannan gardama, ko da za a ɗauki shekara 10 ana ginawa kaɗan kaɗan.

RUWAN ƘAZANTA

Wannan fanni ne da kunya take hana mu tattaunawa, alhali shi ya fi kisa. In ban da wasu sassan Abuja, inda ake tura ƙazanta ta bututu zuwa matatar Wupa, da wasu 'yan wurare ƙalilan, garuruwan ƙasar nan da masai da sokawe suka dogara. Ba laifi ba ne, matuƙar an yi su bisa ƙa'ida. Masana suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai ya kasance ta gangare, kuma gindinsa kada ya kai ga ruwan ƙasa. To yanzu filaye sun ƙanƙance, kowa yana haƙa burtsatse a gidansa, sokawen maƙwabci yana bayan katanga. Abin da ya faru a Landan a 1854 yana iya faruwa a kowane lungu namu.

A shekarar 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta kawar da yin bahaya a fili. Abin yabo ne, kuma ya nuna cewa ƙasar Hausa tana iyawa. Sai dai gina masai rabin aiki ne. Idan ya cika, ina masu kwasa suke kaiwa? Idan a rafin bayan gari suke juyewa, inda ake ban ruwan latas da tumatir, to ƙazantar ta fita ta ƙofar baya ta dawo ta kasuwa. Ware wurin zubarwa da tsara ramukan da za ta bushe a cikinsu, nesa da ruwan sha, yana cikin aikin injiniya.

RANAR DA AKA YI SAKACI

Aikin ruwa ba ya ƙarewa ranar yanke kirtani. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta yi ɓarnar gidaje da gonaki da rayuka. A ƙarshen watan Satumba na 2006 madatsar Gusau ta fashe, mutane kimanin 40 suka rasu. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar da garin ya gani a 1994. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ruwan sama na Allah ne, amma duba bango, da gwada ƙofofin sakin ruwa kafin damina, da yashe laka, aikin mutum ne.

Ko aikin da bai rushe ba yana iya cutar da na nesa. Tun da aka tare kogunan Kano da Challawa, yanayin ambaliyar fadamun Haɗeja da Nguru ya sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta suka shiga wahala. Wannan ya koya mana cewa duk wanda zai taɓa ruwa, ko da lambatun unguwa ne, ya tambayi kansa wane ne a ƙasa da shi.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Na farko, kada a sayi buhun siminti ko ɗaya sai an samu babban injiniya mai rajista ya zagaya garin, da rani da kuma damina, ya rubuta rahoto. Cikin 'ya'yan garin nan akwai waɗanda suka kai wannan matsayi a ma'aikatu da kamfanoni. Muna roƙonsu su ba garinsu kwanakin hutunsu. In ba su samu sukuni ba, su nuna mana wanda za a ɗauka a biya shi. Kuɗin shawara kaɗan ne a kan kuɗin rushewa, kuma araha ba ta ado.

Na biyu, a raba mai tsarawa da mai ginawa. Wanda ya zana aiki ya duba shi kada ya zama shi ne ɗan kwangila, kada kuma ya zama ɗan'uwansa ko abokin cinikinsa. A nemi farashi daga mutum uku aƙalla, a buɗe takardunsu a gaban kwamiti.

Na uku, a ba injiniya ikon cewa a'a. Idan ya ce rodin ya yi siriri, ko yashin yana da laka, ko a fasa a sake, kada wani babba ya kira shi a waya ya ce a yi haƙuri. Kankare yana bukatar a yi ta ba shi ruwa kwana 7 aƙalla, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Ba ya sauri don an sa ranar biki. Kada a biya kowane kaso sai da sa hannun injiniya, a kuma riƙe wani abu daga kuɗin ɗan kwangila har aikin ya ga damina guda.

Na huɗu, kafin a haƙa sabuwar rijiya a ƙidaya matattun da muke da su, a gano abin da ya kashe kowace. Wata injin ne ya ƙone, wata faifan sola aka sace, wata ƙaramin ƙarfe ne kawai ya karye. Gyaran biyar yana iya zama daidai da kuɗin sabuwa guda.

Na biyar, a ware asusun gyara tun ranar farko, domin tun ran gini ran zane. A kafa kwamitin ruwa a kowace unguwa, a sa mata a ciki, tunda su suka fi kowa sanin ranar da famfo ya fara rage gudu. A amince da ɗan abin da za a riƙa biya a kan jarka ko a wata, a rubuta, a karanta wa jama'a lissafi. A tura matasa biyu ko uku su koyi gyara. Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna tana ba da irin wannan horo.

Na shida, a ajiye taswirar duk abin da aka binne, kwafi a ofishin ƙungiya, kwafi a fadar Hakimi, kwafi a ƙaramar hukuma. Bututun da ba a san inda ya bi ba, ranar da ya fashe sai an farfasa rabin titi.

Na bakwai, muna roƙon mai girma Hakimi da dagatai su hana sayar da kududdufan da suka rage da hanyoyin ruwa. Mu kuma da ke gida mu daina mayar da lambatu juji. Ledar ruwa guda ba komai ba ce, amma dubunta suna toshe kwalbatin da aka kashe miliyoyi a kansa. A riƙa yashe magudanai a watan Mayu, ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma riƙa sauraron hasashen damina da hukumomin yanayi da na ruwa suke fitarwa kowace shekara.

Na takwas, ƙungiya ba gwamnati ba ce, kuma ba za ta iya ɗauke mata nauyinta ba. Amma wanda ya je ma'aikatar ruwa da taswira da lissafi da hatimin injiniya, ba a sallamarsa kamar wanda ya je da koke kawai. Ku da ke kusa da ofisoshi, wannan rahoto shi ne makaminku.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, yawancinku kuna da burtsatse a gidajenku na birni, wasunku ruwan roba suke sha. Amma iyayenku suna nan, kuma nan za ku kawo 'ya'yanku hutu, nan da yawanku za su dawo idan aiki ya ƙare, kamar yadda muka dawo. Bututun da za a binne bana ba mai ganinsa, ba kuma za a rubuta sunan kowa a jikinsa ba. Ladansa yana wurin yarinyar da za ta isa aji a kan lokaci, da tsohuwar da za ta yi barci ana ruwa ba ta tashi tana tara kwano ba.

Muna kuma kira ga ɗalibanmu na sakandare da ke wurin nan su riƙe lissafi da kimiyya da kyau. Garin nan yana bukatar injiniyoyin ruwa nasa na kansa, maza da mata, waɗanda za su gaji na yanzu.

 Allah Ya ja zamanin mai girma Hakimi, Ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.